Shirun Dabino

A Elche, inda dabino ya fi gidaje yawa,
shekara arba'in na yi ina hawa da igiya a ƙugu.
Kunnena ya san itace mai lafiya:
shiru yake yi, irin na mai barci.
Wannan kuwa, da na manna masa kunne,
sai na ji ana tauna a ciki,
ƙurus, ƙurus, kamar ɓera ya sami rumbu.

Gwazarmar jan ƙwaro ce,
fara, mai kitse, ta yi ɓul-ɓul,
tana cin zuciyar itacen da kakana Fulgencio ya dasa
ranar da aka haifi uwata.

Amparo ta zo bayan rana ta faɗi,
domin abin da ta kawo ba ya shiri da haske.
Ta buɗe akwatin sanyi, ta fito da ƙullin gari mai laima.
"Miliyan hamsin," in ji ta.
Na yi dariya. Ban ga ko ɗaya ba.

Sai ta ɗiga ruwa ƙarƙashin madubi, ta ce in leƙa.
Ga su nan, zaren da ya fi zare siranta,
suna murɗawa.
Ta ce a cikin ruwa iyo kawai suke yi,
amma ka ba ɗaya tsinken da za ta dafa,
sai ta miƙe a kan jelarta,
tana lilo hagu da dama
kamar mai neman ɗanta a taron kasuwa.
Ba ta da ido. Bakinta a ɗinke.
Numfashi take jira.
Da ta ji hucin mai rai kusa,
ta lanƙwashe kamar baka,
ta harba kanta. Ita ce bakan, ita ce kibiyar.

Ba ta sallama.
Ta baki take shiga, ko ta dubura,
ko ta 'yan kafofin da ƙwaro ke shaƙar iska.
In ta kai ga jini sai ta kwance guzurinta,
ƙwayoyin cutar da ta goyo a hanji tun daga gida.
Kwana biyu, mai taunar ya daina tauna.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan baƙon ya gaji gida da mai gidan.
Gawar ta zama tukunya, ta zama ɗakin aure,
ta zama ɗakin haihuwa.
Tururuwa ta zo, ta sansana, ta juya.

Na ce, in abincin ya ƙare fa?
Amparo ta goge madubin da bakin rigarta kafin ta amsa.
Ƙwai ba ya fita kuma, in ji ta,
a cikin uwar yake ƙyanƙyashewa.
'Ya'yan su ci ta daga ciki,
su bar fatarta fayau kamar kwalba,
su fito dubu-dubu, baki a ɗinke,
kowacce da guzurinta, suna neman numfashi.

Ban ce komai ba.
Na tuna hannuwan uwata a shekararta ta ƙarshe,
yadda haske ke ratsa su.

Na hau. Gwiwata ta hagu tana gunaguni.
Na tsiyaya ruwan a tsakiyar kan itacen,
a hankali, har ya shige tsakanin zarɓa.
Gaba da gabanta, na ce wa duhun da ke ciki.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Na manna kunne da asuba: shiru.
Sai dai shiru biyu ne a duniyar dabino,
kuma kunne ba ya raba su.
Amparo ta ce in jira sabon ganye.
Ina jira,
tsaye wuri ɗaya, ina ɗan lilo,
ina sauraron numfashi.